Shagon da Babu Kashiya: Yadda Amazon Go Ya Kashe Layi, da Abin da Ya Ɓace Tare da Layin

Ranar Litinin, 22 ga Janairun 2018, aka buɗe wa jama'a wani ɗan shago a birnin Seattle da ke arewa maso yammacin Amurka. Sunansa Amazon Go, kuma alkawarinsa guda ɗaya ne: babu layi. Ka shiga, ka ɗauki abin da kake so, ka fice. Babu kashiya, babu na'urar POS, babu jiran canji. Abin dariyar shi ne, a ranar sai da mutane suka yi dogon layi a bakin titi domin su shiga shagon da aka ce ba a yin layi a cikinsa.

Bayan shekara shida, a Afrilun 2024, kamfanin Amazon ya sanar cewa zai cire wannan fasaha daga manyan shagunansa na kayan abinci da ke Amurka. Dalilin da ya bayar shi ne, mutane sun ji daɗin tsallake layi, amma suna kuma son ganin rasit ɗinsu tun suna cikin sayayya, su san nawa suka kashe da nawa aka rage musu.

A matsayina na mai rubuta manhaja, wannan dalilin ya fi ja hankalina a kan fasahar kanta. Shi ya sa a yau zan yi bayanin yadda shagon ya yi aiki, abin da masu sayayya suka gamu da shi a ciki, da kuma yadda labarin ya shafi wayar da ke hannunka yanzu haka, ko da ba ka taɓa sayen komai a Amazon ba.

Yadda ake sayayya a ciki

Amazon kamfani ne da Jeff Bezos ya kafa a 1994, ya fara da sayar da littattafai ta intanet. Don haka sayayya ba tare da ganin fuskar mai kaya ba ita ce sana'arsa tun asali. Amazon Go yunƙuri ne na ɗauko wannan salon a dasa shi a shago na bulo da siminti.

Shagon farko ƙarami ne, murabba'in ƙafa 1,800, wato bai kai rabin fuloti mai ƙafa 50 da 100 ba. Abin da ake sayarwa a ciki a lokacin kayan ƙwalama ne, lemuka, burodi, madara, da abincin da aka riga aka dafa aka rufe.

A wancan lokacin, kafin ka shiga, sai ka sauke manhajar shagon a wayarka, ka haɗa ta da asusunka na Amazon da katin banki. A bakin ƙofa akwai ɗan shinge irin na tashar jirgin ƙasa. Manhajar za ta nuna lambar QR, ka kara ta a jikin shingen, ya buɗe. Daga nan kana iya mayar da wayar aljihu, aikinta ya ƙare. Duk abin da ka ɗauka daga kanta zai shiga wani kwando da kwamfuta ke riƙe maka a ɓoye. Idan ka canja ra'ayi ka mayar da shi, za a cire. In ka gama, sai ka bi ta shingen ka fita, daga baya a cire kuɗin daga katinka a turo maka rasit a waya. Har ma da tsawon mintunan da ka yi a cikin shagon manhajar takan nuna maka.

Idan kun zo da iyali ko aboki, sai ka kara lambar sau ɗaya ga kowane mutum, duk abin da suka ɗauka kuma a kanka zai hau. Kamfanin ya sa wa wannan tsari suna Just Walk Out, ma'ana ka yi tafiyarka kawai.

Abin da ke faruwa a saman kanka

A wancan lokacin, idan ka ɗaga kai a cikin shagon, za ka ga silin ɗin cike yake da ƙananan baƙaƙen akwatuna. Kyamarori ne, ɗaruruwa. A jikin kantocin kuma akwai sikeli mai jin nauyi. Aikin kwamfutocin da ke bayan fage shi ne su amsa tambayoyi biyu a kowace daƙiƙa: wa ya ɗauka, kuma me ya ɗauka.

Tambayar farko ana amsa ta ne da bibiya. Lokacin da ka kara lambarka a shinge, kyamarar da ke sama tana haɗa siffar jikin da ya wuce da asusun da aka kara. Daga nan kyamara tana miƙa ka ga kyamara har ka fita. Amazon ya ce ba da fasahar gane fuska yake wannan aiki ba, siffar jiki da motsi yake bi.

Tambaya ta biyu ana amsa ta ne ta hanyar haɗa shaidu. Kyamara ta ga hannunka ya shiga kanta ta uku. Sikelin kantar ya ji nauyi ya ragu daidai da nauyin kwalba ɗaya. Manhajar kuma ta san abin da aka jera a wurin. Idan shaidun nan suka yi daidai da juna, sai a rubuta maka kwalba ɗaya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya isa shi kaɗai. Kyamara ba ta ganin abin da hannu ya rufe, sikeli kuma bai san bambancin yogot mai zaƙi da marar zaƙi ba idan nauyinsu ɗaya.

Na ɗan ɗanɗana wannan wahalar da kaina. Na taɓa gwada koya wa wata ƙaramar manhaja gane gwangwanin tumatir iri uku da kyamarar waya, da niyyar sauƙaƙa wa wani yayana lissafin kaya a shagonsa. A kan tebur, da hasken rana, tana ganewa tsaf. Da muka je shagon, babu wuta, ga gwangwanaye a jere a juye, ga yatsu suna rufe tambari, sai ta koma kiran madara da sunan tumatir. Kaya iri uku ne fa kawai, mutum ɗaya, kyamara ɗaya. To ka auna shago mai dubban kaya, da mutane suna gogayya da juna, wani ya sunkuya, wani ya ɗauki abu ya ajiye a inda ba wurinsa ba, ga yara suna ta guje-guje.

Amazon ma bai sha da daɗi ba. A Disambar 2016 ya nuna shagon ga duniya, a lokacin ma'aikatansa kaɗai ke shiga, da shirin buɗe wa kowa a farkon 2017. Sai da aka ƙara shekara guda. Jaridar Wall Street Journal ta ruwaito a lokacin cewa tsarin yana rikicewa idan mutane suka haura kimanin ashirin a ciki, ko idan aka gusar da kaya daga mazauninsu.

Abin da masu sayayya suka gani

Maganar da ta fi yawa a bakin waɗanda suka fara shiga ita ce, ji suke kamar sata suka yi. Mutum ya saba tun yana yaro cewa ba a zuba kayan shago a jaka a nufi ƙofa, don haka da yawa sukan tsaya a bakin shinge suna waige, suna jiran a kira su.

'Yan jarida sun gwada ƙarfin tsarin. Wani wakilin jaridar New York Times, da iznin kamfanin, ya lulluɓe ƙunshin lemo huɗu da jaka tun yana kan kanta, ya saƙale shi a hammata ya fita. An caje shi kuɗin. Ita kuwa wata wakiliyar tashar CNBC ta fita da robar yogot ɗaya da ba ta fito a rasit ɗinta ba. Da ta sanar, sai wata babbar jami'ar kamfanin ta ce ta sha abinta kyauta, ta kuma bayyana cewa irin haka ba ya cika faruwa, shi ya sa ba su ma gina wa manhajar wurin da mutum zai kai rahoton an manta ba a caje shi ba.

Ga wanda ya fito daga ofis yana son abincin rana da ruwa, shagon ya yi masa rana. Minti ɗaya ko biyu ya gama. Amma da tafiya ta yi tafiya, ƙorafe-ƙorafe suka fara bayyana.

Na farko, jinkirin rasit. Wani lokaci yakan zo cikin 'yan mintuna, wani lokaci kuma sai bayan sa'o'i. Idan kuɗin da ke asusunka a ƙirge yake, waɗannan sa'o'in ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya taɓa yin tiransifa ya zauna yana jiran alat ya san irin wannan zaman.

Na biyu, kuskure ba ya bayyana sai ka bar wurin. A shago na yau da kullum, idan kashiya ya buga abu sau biyu, a nan take za ka ce masa malam duba da kyau. A Amazon Go, kana gida za ka gani, sai ka shiga manhaja ka nemi a mayar maka da kuɗin. Kamfanin yakan mayar ba tare da dogon turanci ba, amma sai idan ka duba rasit ɗin ka lura. Wanda bai duba ba ya yi asara bai sani ba.

Na uku, shagon ya zo da wata doka da ta saɓa wa ɗabi'ar mutane: kada ka miƙo wa baƙo kaya. Idan tsohuwa ta ce ka ɗauko mata abu daga saman kanta, kai ka ɗauka, don haka a kanka za a rubuta. Taimakon da ake yi ba tare da tunani ba ya koma abin da sai an yi taka-tsantsan.

Na huɗu, da farko wanda ba shi da wayar zamani da katin banki ko ƙofar ba zai wuce ba. Kada ka ɗauka babu irin waɗannan mutane a Amurka. Binciken hukumar inshorar ajiyar banki ta ƙasar na 2019 ya nuna gidaje kusan miliyan 7.1 ba su da asusun banki kwata-kwata. A shekarar ne birnin Philadelphia, jihar New Jersey da birnin San Francisco suka kafa dokar hana shaguna ƙin karɓar tsabar kuɗi. Dole Amazon ya sassauto. Shagon da ya buɗe a New York a Mayun 2019 ya fara karɓar takardar kuɗi, inda ma'aikaci zai shigar da kai, ya lissafa kayanka da na'urar hannu, ya ba ka canji. Wato dai kashiya ya dawo ta bayan gida. Mu da muka ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan halin da mutum ke shiga idan hanyar biyan kuɗi ɗaya tilo ta rage, kuma ba tasa ba ce.

Na biyar, batun sirri. A 2020 kamfanin ya fito da Amazon One, na'urar da ke karanta tafin hannu da jijiyoyin cikinsa, domin mutum ya shiga shago ko ya biya ba tare da fito da waya ba. A Maris na 2023 an shigar da ƙarar Amazon a New York bisa zargin cewa shagunansa sun daɗe ba su kafa allon sanarwar da dokar birnin ta wajabta wa duk mai tattara bayanan jikin mutane ba. Abin lura a nan shi ne, idan aka sace lambar sirrinka kana iya canja ta, amma tafin hannu ba a canja shi.

Mutanen da ke bayan kyamarar

Sunan shago marar kashiya ya sa wasu suna zaton babu ma'aikaci ko ɗaya a ciki. Akwai. A lokacin akwai masu jera kaya, masu haɗa abinci, mai tsayawa a ƙofa yana taimaka wa wanda lambarsa ta ƙi karantuwa, da mai duba katin shaida a sashen barasa. Waɗannan ana ganinsu. Akwai kuma waɗanda ba a gani.

Jaridar fasaha mai suna The Information ta ruwaito cewa sama da mutum 1,000 a Indiya suna aiki a kan bidiyon da kyamarorin nan ke ɗauka. A cewar rahoton, a 2022 kimanin sayayya 700 cikin kowace 1,000 sai da mutum ya duba ta, alhali burin kamfanin shi ne kada adadin ya wuce 50. Idan haka ne, to an samu bayanin jinkirin rasit: wani ne a wata nahiya yake mayar da bidiyonka baya domin ya tabbatar ko biskit ɗaya ka ɗauka ko biyu.

Amazon ya musanta yadda aka kwatanta lamarin. Ya ce babban aikin waɗannan ma'aikata shi ne yi wa hotuna lakabi domin horar da manhajar, kuma kaso kaɗan ne na sayayya suke tantancewa, a inda kwamfuta ba ta da tabbas. Ya kuma ce babu wanda ke zaune yana kallon masu sayayya kai tsaye.

A fahimtata ta mai sana'ar, kowane ɓangare yana da abin kamawa. Duk wata ƙirƙirarriyar basira, wato AI, mai gane hoto, da hannun mutane ake koya mata. Sai wani ya zauna ya zana layi a kewayen kwalba ya rubuta cewa wannan kwalba ce, sau dubbai. Kuma kowace manhaja irin wannan tana fitar da amsa ne tare da ma'aunin tabbacinta. Idan ma'aunin ya yi ƙasa, injiniya mai hankali zai tura wa mutum ya yanke hukunci, maimakon a caje ka bisa zato. Wannan ba yaudara ba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne yawan lokutan da ake buƙatar mutum, da kuma cewa tallan da aka nuna wa jama'a bai ambaci mutanen ba.

Tarihi ma ya ɗan yi wa Amazon dariya a nan. A 1770 wani mai suna Wolfgang von Kempelen ya ƙera wata na'ura a Turai da aka ce tana buga ches da kanta tana cinye gwanaye. Ashe ƙwararren ɗan wasa ne yake ɓoye a cikin akwatin. Ana kiran na'urar Mechanical Turk. A 2005 Amazon ya buɗe wani dandali da ake biyan mutane 'yan kuɗi kaɗan su yi ƙananan ayyukan da kwamfuta ta kasa, kuma wannan sunan ya raɗa masa.

Dalilin ja da baya

A 2018 kamfanin dillancin labarai na Bloomberg ya ruwaito cewa Amazon yana tunanin buɗe shagunan Go har 3,000 kafin 2021. Ko hamsin ba a kai ba. A Maris na 2023 ma sanar da rufe takwas aka yi, a Seattle, New York da San Francisco.

Matsalar ta fi fitowa fili da aka kai fasahar manyan shaguna. A Fabrairun 2020 aka buɗe Amazon Go Grocery, wanda ya ninka na farko fiye da sau biyar. Daga baya aka saka tsarin a shagunan Amazon Fresh, har da na unguwar Ealing a Landan a Maris na 2021, wanda shi ne na farko a wajen Amurka. Kowane ƙarin fili yana nufin ƙarin kyamara, ƙarin sikeli, ƙarin kwamfuta, alhali ribar kayan abinci ƙanƙanuwa ce. Ga kuma kayan gwari da 'ya'yan itatuwa, waɗanda ba su da siffa ɗaya ko nauyi ɗaya, har sai da aka koma sayar da su da ƙwaya maimakon awo.

Sannan akwai bambanci tsakanin mai sayen ruwa ɗaya da mai cefanen mako. Mai sayen ruwa ya san kuɗinsa a ka. Mai cefane kuwa yana tafe yana lissafi, kuma a gaban kashiya ne yake yanke hukunci na ƙarshe. Idan jimla ta haura abin da ke aljihunsa sai ya ce a cire wannan, a bar wancan. A nan ne yake gane ko ragin da aka rubuta a jikin kanta ya shiga lissafi. Ashe tsayuwa a gaban kashiya ba jira kaɗai ba ce, ita ce damar ƙarshe ta cewa na fasa. Da aka cire layin, sai wannan damar ta tafi tare da shi.

Abin da Amazon ya maye gurbin tsarin da shi a shagunan Fresh na Amurka ya tabbatar da haka. Keken sayayya ne mai suna Dash Cart, wanda ya fara fitowa a 2020. Yana da allo, kyamara da sikeli a jikinsa. Kai da kanka kake nuna masa kaya kafin ka jefa a ciki, allon kuma yana nuna maka jimlar kuɗin tana hawa. In ka gama sai ka bi ta wata hanya ta musamman ka fita. Ta fuskar fasaha keken bai kai kyamarorin silin burgewa ba, amma ya mayar wa mai sayayya da idonsa a kan lissafi. A Birtaniya kuwa, a Satumbar 2025 kamfanin ya sanar da shirin rufe dukkan shagunan Fresh 19 da yake da su a can, da mayar da biyar daga ciki zuwa Whole Foods, kantin da ya saya a 2017 kan dala biliyan 13.7.

Fasahar ba ta mutu ba. Tun daga 2020 Amazon yake sayar da ita ga wasu 'yan kasuwa, kuma ta samu gindin zama a filayen wasa irin su Lumen Field na Seattle, da shagunan filayen jirgin sama, da jami'o'i. A waɗannan wurare kayan ba su da yawa, mutum abu ɗaya ko biyu yake ɗauka, kuma sauri yake kada wasa ko jirgi ya wuce shi. Nan ne gurbinta.

Ba a shago kaɗai abin ya tsaya ba

Idan ka duba sauran kayayyakin Amazon, za ka ga tunani ɗaya ne yake maimaituwa: a rage tazarar da ke tsakanin sha'awar abu da biyan kuɗinsa. A 1999 kamfanin ya samu takardar mallakar fasahar saye da latsawa ɗaya, wadda ta kasance a hannunsa har 2017.

A 2015 ya fito da Dash Button, ɗan maɓalli da ake mannawa a jikin injin wanki ko firji. Idan sabulu ya ƙare sai ka danna, a kawo maka. A Janairun 2019 wata kotu a birnin Munich na Jamus ta yanke hukuncin cewa maɓallin ya saɓa wa dokar kare masu saye, domin ba ya nuna farashi ko ainihin kayan a lokacin da ake dannawa. A shekarar aka daina sayar da shi.

A farkon 2017 wata yarinya 'yar shekara shida a jihar Texas ta yi hira da Alexa, mataimakiyar da ke cikin sifikar Echo, sai ga gidan 'yar tsana da gwangwanin biskit an kawo ƙofar gidansu. Iyayenta ba su sa lambar sirrin da ke hana saye da murya ba. Kafin nan, a 2016, wata kotun tarayya a Amurka ta kama Amazon da laifin cajin iyaye kuɗin abubuwan da yara suka saya a cikin wasannin waya ba da izninsu ba. A 2019 kuma Bloomberg ta bankaɗo cewa ma'aikata suna sauraron wani ɓangare na muryoyin da Alexa ta naɗa domin gyara fahimtarta, kwatankwacin abin da aka ji daga baya game da kyamarorin shago.

Mafi girma shi ne batun Prime, tsarin da ake biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. A 2023 hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka, FTC, ta kai Amazon ƙara, tana zargin ya sa mutane rajista ba da cikakken saninsu ba, sannan ya tsawaita hanyar fita har shafi huɗu da latsawa shida. A Satumbar 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5, biliyan 1 tara, biliyan 1.5 kuma a mayar wa jama'a, ba tare da ya amsa laifi ba. Shiga latsawa ɗaya, fita latsawa shida. Wannan ya nuna kamfanoni sun san amfanin ɗan tsaiko sarai, sun dai san gefen da suke ajiye shi.

Abin da ya shafe ka

Babu shagon Amazon Go a ƙasashenmu, amma salon yana cikin wayarka. Katin da ka bari manhaja ta ajiye, datar da ke sabunta kanta idan ta ƙare, gwajin kyauta na kwana bakwai da ke neman lambar kati tun farko, wasan da ƙaninka ke bugawa yana sayen tsabar zinare, duk 'yan gida ɗaya ne. Kowannensu yana cire wannan 'yar daƙiƙar da za ka ga farashi ka yi tunani.

Ga abin da nake yi, nake kuma ba ka shawara. Ka shiga saitin Play Store ko App Store ka kunna neman lambar sirri ko zanen yatsa kafin kowane saye. Ka buɗe jerin abubuwan da ka yi rajistar biya wata-wata, ka soke wanda ba ka amfani da shi. Idan ka karɓi gwajin kyauta, ka sa tunatarwa kwana ɗaya kafin ya ƙare. Kada ka haɗa manhajoji da asusun da ajiyarka take, ka ware wani kati da kake zuba masa daidai abin da za ka kashe. Ka kuma riƙa karanta alat da rasit a ranar da suka zo, tun kana iya tuna abin da ka saya.

Idan kuma aka kawo maka wata sabuwar fasaha aka ce komai da kanta take yi, ka tambayi abu biyu: idan ta yi kuskure wa zai gani, kuma wa zai biya kafin a gyara?

Ga 'yan uwana masu koyon rubuta manhaja, ni darasin da na ɗauka shi ne, kafin ka cire wani mataki saboda yana ɓata lokaci, ka je ka tsaya ka kalli abin da mutane suke yi a wannan matakin. Manhajar shagon yayana da na ba ku labari, a ƙarshe cire mata kyamarar na yi. Yanzu shi yake taɓa sunan kaya da yatsa, jimla ta fito da manyan lambobi, ya juya wayar mai saye ya gani kafin ya biya. Ita yake amfani da ita har yau.